Inda Allurar Baba Take Maƙalewa

Jiya a gidanmu na unguwar Muraƙƙabat maigidana ya kunna mini a waya tsohon kiɗan rok da marigayi Babana yake so.

"Maman Aisha, ji yadda suka wanke shi tas! Tsohon faifan nan na Baba da na ciro daga akwatinki sai shara, khalas, ya gama aiki."

Jita ta fito sarai, amma babu ƙarar nan ta faifai mai kama da suyar ƙosai. Baba yakan ce, "In babu ita, kiɗa bai soyu ba." A tsakiyar waƙar allurar garmahonsa takan maƙale, sai ya daki tebur, shayi ya fantsama, mu yi dariya.

Da aka zo wurin, hannuna ya daki tebur da kansa. Waƙar ta wuce abinta.

Maigida ya mayar da faifan akwatina.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya jiyar da kai mafi daɗi a Aljanna.