Albarkar da na hana ɗana

Shekarar da labarin zinariyar Jado, can arewa cikin hamada, ya iso Matameye, tasha ta fi kasuwa cika. Samari suka bar gero a tsaye suka hau mota, har da babban ɗana. Bayan damina biyu ya dawo da tari, fatar hannuwansa duk ta saɓule. Ya ce a can cikin rabin tano, wato gangar ƙarfe, suke zuba ƙasa da ruwa da wani magani mai guba, su yi ta damawa da hannu har zinariyar ta rabu. Muka kai shi likita a Damagaram, muka dawo da shi. Kafin girbi muka yi masa sutura. Allah ya jiƙansa.

Ƙanensa yana karatu a Yamai a lokacin. Da ya gama sai ya zo ya durƙusa, ya ce ya sami aiki, aikin kuma na zinariya ne, in sa masa albarka. Ban tambaye shi komai ba. Na ce, "Allah ya kiyaye hanya," na shige ɗaki. Ya san ba abin da ya roƙa ke nan ba, ni ma na sani. Shekara da shekaru, duk zuwan da zai yi da wannan nake sallamarsa. Mahaifiyarsa ta yi ta roƙona har Allah ya karɓi ranta.

Ranar addu'ar bakwai ɗinta, bayan la'asar jama'a sun watse, na tarar da ɗan nawa a zaure da ordinata, wato kwamfuta, a cinya. Zai rufe, na ce ya bari. Na ga hoton wata randa, wani abu mai fikafikai yana juyawa a ciki, ruwan kuwa wani wuri ja, wani wuri shuɗi.

"Ina zinariyar?" na ce.

"Ban taɓa riƙe ta ba, Baba. Randar ƙarfe ce, ta fi zauren nan tsawo. Ni yadda ruwa ke juyawa a cikinta nake lissafawa kafin a ƙera ta."

"Ashe duk karatun nan damun fura ka koyo. Ai da ka zauna wajen uwarka."

Ya yi dariya.

Ya ɗora yatsa a kan shuɗin, can gindin randar. Ya ce nan ruwa ba ya motsi, laka sai ta kwanta. Wannan na gane shi, don na san yadda tawada ke kwanciya a gindin kurtu in ba a motsa ta ba, rubutu ya fito fari. Ya ce in laka ta kwanta sai a ƙara guba, ko a sa mutum ya tone ta. In kuwa an sa fikafikan daidai, ba mai kusantar ruwan.

"Tun ranar da na ga hannun Yaya nake wannan lissafin," in ji shi, idonsa a ƙasa. "Na so in faɗa maka, ba ka tambaya ba."

Gaskiya ce, ban tambaya ba. Na daɗe ina istigfari a zuciyata. Sannan na ce ya matso, na ɗora hannu a kansa, inda furfura ta fara fitowa ban lura ba.

"Allah ya yi maka albarka, ya yi wa aikinka albarka."

Ya ce amin. Kwana bakwai kawai na makara, da uwarsa ta ji da kunnenta.