Iskar da Ta Kama Luom

Luom ɗan dako ne a bakin kogin Can Tho, gidansa jikin namu. Tun yana saurayi yake sauke buhunan shinkafa daga jiragen ruwa, har kafaɗarsa ta yi kanta. Ga shi da bakin tsiya. In ya wuce tsofaffin da ke motsa jiki da safe a bakin ruwa, sai ya ɗaga murya: "Kawu, in ƙarfi ya yi maka yawa, zo ka kama mini buhu!"

Amma da ya tashi daga aiki, ko tsinke ba ya ɗagawa. Sai ragar lilo, da taba, da busasshen kifi mai gishiri.

'Yarsa Diem ce ta ja shi asibiti da ƙyar. Aka ce jininsa ya hau, zuciyarsa na wahala: ya rage gishiri, ya bar taba, ya riƙa ɗan tattaki da yamma.

"Likita, ɓaunar da ta wuni tana huɗa ake cewa ta je yawo?" in ji shi.

Maganin da aka ba shi ma kwana biyu ya sha, ya watsar. Har yau in na tuna sai haushi ya kama ni, sannan tausayi ya biyo baya.

Wata rana da azahar ya dawo gida yana dafe da ƙirji, gumi sharkaf, hannun hagu ya yi nauyi. Matarsa Tuoi ta ce, "Baban Diem, iska ce ta kama ka. Kwanta."

Ta yi abin da kowace uwa a nan ke yi don fitar da muguwar iska daga jiki. Ta shafe bayansa da koren man zafi, ta ɗauki cokali tana kankarewa daga wuya zuwa ƙugu. Layuka suka fito jajur, maƙwabta na cewa, "Yauwa, ga ta nan tana fita!" Diem tana wurin aiki, ba wanda ya ga dalilin tayar mata da hankali.

Luom ya ce ya ɗan ji dama, a bar shi ya rintsa. Bai farka ba.

Da ake masa sutura, layukan na nan a bayansa, sun yi baƙi. Tuoi ta daɗe tana kallonsu, sannan ta juyo gare ni.

"Yaya, gaya mini gaskiya. Ko ban kankare sosai ba ne?"