Gumin Ajuji

Tun ana ciniki da fam da sule aka yi wannan, motocin kuza na ta hawa Riruwai, shekara guda bayan ruwan da ya cinye raken Baffana. Ni ban yi boko ba, amma abin da idona ya gani ba ya ɓace mini.

Kakarmu Iya Dije tana da doka. Lokacin sabuwar masara takan hura wuta a ƙofar ɗakinta, amma tatsuniyarta ba a jin ta a banza. Sai ka je dandali ka yi langa ko gaɗa, ka dawo ta shafa ƙeyarka. In da gumi, zauna, ga masara. In babu, koma.

Ajuji ɗan kawuna ne abin damuwa. Uwarsa ta binne 'ya'ya kafin shi, don haka ko ƙofar gida ba ta bari ya taka. Kullum yana kan tabarma ana ɗura masa fura, ƙafafu kamar sillen kara, ya ɗan taka sai haki. Iya ta sha faɗa cewa tsoron uwar ne zai kwantar da yaron.

Ran nan sai ga shi da ƙeya a jiƙe. Iya ta shafa, ta lashi yatsa, ta dube shi.

"Maigidan, gumin naka ba gishiri. Randar wa ka buɗe?"

Muka kwashe da dariya, ƙanwata Lami har da birgima. Iya ba ta kore shi ba. Ta ɗaga murya yadda za a ji ta bayan zana, ta ce wai wata barewa ce a dajin Falgore, son ɗanta ya sa ta goye shi, kada ƙaya ta taɓa shi. 'Ya'yan wasu na tsalle, shi yana baya. Ran da mafarauta suka sa wa daji wuta, nauyinsa ya hana ta gudu. Ta sauke shi, ƙafa ba ta san aikinta ba.

Nan Iya ta katse labarin, ta juya masara. Ajuji ya tambaya ko wutar ta cinye ɗan barewar. Ta ce ƙarshen na mai gumin gaske ne.

Washegari uwar da kanta ta raka shi dandali, ta tsaya gefe, duk faɗuwar da ya yi sai ta yi salati. Ya dawo gwiwa a gurje, baki har kunne. Ɗan barewa kuwa, a bakin Iya, da rarrafe ya fara, ya ƙare da gudu.

Sai da na haifi nawa na gane ba yaron ake ba labarin ba, uwar ake ba. Jikokina na yanzu waya ce ta goye su, kuma da la'asar ba na jin kunyar korar su filin ƙwallo.

Waɗanda suka zauna a bakin wutar nan duk sun riga mu, Allah Ya jiƙansu. Saura ni, sai Lami da ke aure a Kiru, sai Ajuji. Haƙori ya ƙare masa, amma har gobe a ƙafa yake zuwa gonarsa ta Burumburum.