Neman Aure a Dajin da Ba a Nomawa

In Allah ya bar ni da hankalina, ba na jin akwai ranar da zan manta tafiyar da muka yi da maƙwabcina don ganin wanda ke neman ɗiyarsa. Maƙwabcin nan tsohon soja ne, Kirista, katanga ɗaya ta raba gidajenmu a Zuru. Ɗiyar tana aikin jinya a wani babban birni, a can ta samo saurayi.

Matsalar ita ce golmo. A al'adar su maƙwabcina, saurayi kan yi shekaru yana noma a gonar surukinsa kafin a ba shi mata. Shi kansa da garma ya samo uwar 'ya'yansa a Dabai. Ya san zamani ya canza, amma ya rantse ba zai ba da ɗiyarsa ga wanda bai san zafin ƙasa ba.

"Malam, shirya ka raka ni," in ji shi. "In na ce a'a, kai ne shaida ban zalunci kowa ba."

Saurayin ya tarbe mu cikin kwat da takalmi mai ƙyalli. Ya ce a ofishin wani gandun daji yake aiki a bakin gari, can zai kai mu mu sha iska. Ɗiyar na biye da mu, ko dariya ta kasa yi.

Subhanallahi, ban taɓa ganin daji mai shara ba sai ranar. Ga itatuwa sun haɗe sama, ga kujeru a inuwa, mutane sun shimfiɗa tabarmi suna cin abinci. Har maƙala wa itatuwa alluna aka yi da sunayensu a boko. Sojan kuwa sai tsaki yake ja.

"Ƙasa baƙa wuluk haka, ba ko dawa ƙwaya ɗaya? Kuma wai sai an biya a shigo? Malam, mu da daji ke bin mu har bayan ɗaki kyauta!"

Da ya ga birai suna yawo ba mai korarsu, sai ya duƙa neman dutse. Da ƙyar ɗiyar ta riƙe hannunsa. Da na tsaya sallar azahar, shi ya yi gadin takalmana, yana hararar biran kamar a fareti. Ina sallamewa ya raɗa mini, "Na gama. Yaron nan ɗan zaman ofis ne a ƙarƙashin fanka. A'a ce."

Hanyar fita ta bi da mu ta wurin da ake renon dashe, inda wasu ma'aikata ke huɗa. Na lura saurayin ya sunkuyar da kai yana sauri. Sojan kuwa ya ga wani yaro yana riƙe da garma a karkace, abin ya fi ƙarfinsa. Ya tuɓe hula, ya karɓe garmar, ya ja layi ɗaya tsaf, sannan ya miƙa wa mai kwat.

"Ranka ya daɗe na ofis, taɓa mana ko sau ɗaya, in sami labarin ba mutanen gida."

Saurayin ya dubi garmar, ya dubi yarinyar. Sai ya cire kwat ya ba ni, ya tofa yawu a tafi, ya duƙa. Jama'a, ƙasa ta fara kwantawa kamar ana ninke zane! Kafin sojan ya rufe baki, saurayin ya kai ƙarshen layi ya juyo. Ma'aikatan suka fashe da dariya, wani ya ce, "Baba, ai wannan gwaninmu ne. Tun safe muke mamakin wa ya ara masa kwat."

Saurayin ya durƙusa, gumi na zuba. "Baba, ka gafarce ni. Ba ni da kujera a ofis. Lebura ne ni a nan. Na ji tsoron in ka sani za ka hana ni."

Sojan ya kama hannunsa ya juya tafin, ya daɗe yana latsa kantar da ke ciki. Sannan ya juya ga ɗiyarsa.

"Ke kuma kin san halina, mi ya hana ki faɗa mini?"

"Baba, na yi ta gaya masa ya zo yadda yake, ya ƙi. Ya ce ba uban da zai ba lebura ma'aikaciyar jinya."

"Sakarai! Da kwat ɗin nan saura kaɗan ka rasa mata." Ya ɗaga shi tsaye. "Na ba ka. Amma na ƙaryar da ka yi, damina ɗaya a gonata. Malam, ka shaida."

Na ce na shaida. Yaron kuwa ya cika alkawari: da hutunsa ya zo Zuru ya yi noman, aka ɗaura aure bayan girbi.

Abin da na ɗauka daga wannan tafiya shi ne, kada mutum ya ji nauyin sana'arsa ta halal har ya rufe ta da kayan aro. Ba ka san abin da wanda ke gabanka ya zo nema ba, wataƙila abin da kake ɓoyewa ne. Allah ya sa mu gode wa abin da ya ba mu.