Jarkar Dattijon Hatta

Muna isa rumfar da ake kwana a saman duwatsun Hatta a ƙasar Larabawa, abokina Nasiru ya girgiza gorarmu ta ƙarshe, ko ɗigo babu. Tafiyar awa huɗu ce tsakaninmu da mota, rana ta kusa faɗuwa, waya kuma babu sabis.

Laifinmu ne. Kilishi mai yaji muka yi ta ci a hanya, sannan muka yi alwalar azahar da la'asar da ruwan sha, sai ka ce muna gida a unguwarmu ta Hor Al Anz.

Leɓena ya fara tsagewa, sai ga wani dattijo Balarabe yana hawowa a hankali, jarka ɗaure a bayansa. Ya sauke ya miƙo mana. Muka sha har Nasiru ya ƙware.

Ashe manomin dabino ne a gindin dutsen, duk mako yake hawo da ruwa rumfar.

Na ce, "Baba, wa kake kawo wa?"

Ya ce, "Ban san su ba, habibi. Yau dai ku ne."

Da muka faɗa masa zancen alwalar, dariya ya yi. "Magariba ku yi taimama, ga ƙasa nan."

Ko zama bai yi ba, ya juya kafin duhu ya same shi.

Da safe muka bar wa na bayanmu rabin jarkar. Ko sunansa ban tambaya ba, wallahi, kuma abin yana cina. Ku taya ni yi masa addu'a a ƙasan wannan rubutun, Allah ai ya san sunan.