Dakta Zaharaddini Iliyasu da Wabin Gidansu

Haihuwa

An haifi Zaharaddini a shekarar 1972, a wani ƙauye kusa da Tofa. Mahaifinsa Malam Iliyasu manomi ne, mahaifiyarsa Furera kuwa 'yar ƙanen mahaifin Malam ce, domin gidan ba sa aure sai na zumunci. Yara biyar ta haifa kafin shi, zazzaɓi da ƙuraje suka ɗauke su tun ba a yaye su ba, har dangi suka yanke cewa wabi a cikinta yake.

Karatu da aiki

Ya kammala makarantar kimiyya ta Dawakin Tofa a 1990, ya yi digirin digirgir a 2008 a kan ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira NK, masu hallaka duk ƙwayar da cuta ta shiga. Bincikensa ya tsaya a kan ƙwayoyin gadon da ke gina musu kafofin gane cuta, waɗanda in sun samu naƙasa, garkuwar ba ta ƙosawa.

Aure

A 2001 ya auri Khaulat, 'yar wani mai awon hatsi a Dawanau, auren bare na farko a gidan.

Jarrabawa

A 2014, da jariran dangi suka ci gaba da rasuwa, ya auna jinin mutum talatin, ciki har da iyayensa. Ya gano cewa naƙasar tana cikin jinin gidan, kuma ba ta kisa sai yaro ya gaje ta daga uwa da uba gaba ɗaya. Wata bakwai ya yi da takardar sakamakon a aljihu. In ya faɗa, ya ɓata auren zumunci, ya jawo wa 'yan matan gidan tsegumi. In ya yi shiru, ya bar mahaifiyarsa da laifin shekara arba'in. Bayan Sallar Layya ya tara dangi ya faɗa. Baffanninsa suka daina amsa gaisuwarsa. Furera ta tambaye shi abu ɗaya: "Ashe ba cikina ba ne kaɗai?" Ya ce a'a, Inna, kuma ba laifin kowa ba ne. Ko wannan ya kai abin da ya rasa, Allah ne masani.

Rasuwa

Ya rasu ranar Laraba, 8 ga Maris 2023, aka binne shi kusa da mahaifiyarsa. Ya bar Najib, Muhsina, Khairiyya da Furera, wadda ake kira Ummi. Huɗu aka haifa masa, huɗun kuma suka karɓi gaisuwar rasuwarsa.