Mai Awon Hayaƙi

Ranar ƙarshe, da safe Auta ta goge wa mahaifinta riga tana yi masa tsiya: "Baba, janaretan nan naka zan fara yanka wa haraji." Ita kaɗai ofishin haraji ya tura ta koyo awon hayaƙin masana'antu, saboda sabon harajin da ake shirin kawowa don rage ɗumamar yanayi. Da hantsi tana gindin bututun hayaƙin wani kamfani. Da azahar ta kira mahaifinta, ta ce asmarta ce ta motsa, kada ya damu. Kafin la'asar ta cika.

Da makoki ya watse, abu ɗaya ya tsaya wa tsohon a rai: kada aikinta ya bi ta. Ya kai na'urar awon da ya tarar a jakarta ofis. Shugaban sashen ya jujjuya ta, ya ce, "Wallahi Baba, ko kunna ta ba mu iya ba. Sai an sake tura wani."

"Yaushe?"

Mutumin ya kulle na'urar a durowa.

Tufafinta mahaifiyarta ta raba wa dangi. Takalmin aikin ne bai yi wa kowa ba, yana nan bayan ƙofa.